Allon Darar da Ba a Gama Sassaƙawa Ba

A gidanmu na unguwar Dala a Maiduguri, sa'ad da nake yaro, ba a kashe wutar murhu don an sauke tukunyar burabusko. Kakata ta wajen uba, Kaka Bintu, ita ce ta kafa wannan doka. Takan zo daga Konduga bayan girbi ta yi wata uku ko huɗu tare da mu, kuma muddin tana gidan, garwashin da ya rage nata ne. Da an idar da sallar magariba sai ta ja tabarmarta kusa da shi, ta barbaɗa ɗan turaren wuta, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, sa'an nan ta zauna tana jira. Ba ta taɓa aikawa a kira mu ba. Ƙamshin ne yake tattaro mu, mu da 'ya'yan maƙwabta, akwai Margi, akwai Babur, akwai 'ya'yan wani Bashuwa mai sayar da man shanu. Da Kanuri take magana da iyayenmu, amma da Hausa take yin tatsuniya, domin ba ta yarda wani yaro ya zauna a bakin wutarta yana kallon bakuna bai san abin da ake faɗa ba.

Takan fara da cewa, "Ga wata nan ta taso daga bakin tafki." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, mun share mata wuri."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan zance shi ne, a watan da ya wuce na kusa rufe wa 'yata shagonta da hannuna, kuma ɗaya daga cikin tatsuniyoyin Kaka Bintu ce ta tsayar da ni. Zan fara da tatsuniyar, tun da ita ce ta riga zuwa.

Wai a wani gari na bakin tafki, mutane sun saba yin dara a ƙasa, su tona gurabe a rairayi su zuba tsakuwa. Sai wani masassaƙi na ƙofar gabas ya sassaƙa allon dara na itace, da gurabensa da 'ya'yansa masu santsi. Gari ya ruɗe, kowa yana so. Masassaƙin ƙofar yamma ya gani, shi ma ya fito da nasa, har da ƙafafu huɗu. Amma kowanne ya yi wayo: 'ya'yan allon gabas ba sa shiga gurbin allon yamma, na yamma kuma ba sa zama a na gabas. Garin ya rabu biyu. Har aminai sukan yi kwana uku ba sa gaisawa a kan wane allo ya fi.

A tsakiyar garin kuwa akwai wata mata, Ya Kolo, da take zaune ƙarƙashin tsamiya da kaskon ƙaro da zaren fata. Idan zafin rana ya tsaga allo, ko yara suka ya da shi ya ɓalle, ita ake kai wa. Ba ta tambayar na gabas ne ko na yamma. Ta liƙe da ƙaro, ta ɗaure da fata, ta ce a dawo jibi.

Wata shekara sai masassaƙin gabas ya rufe ƙofarsa. Ba a ganinsa a kasuwa, ba a ganinsa a masallaci sai a gurguje, ba a jin komai daga gidansa sai ƙarar gizago. A nan Kaka Bintu takan ƙwanƙwasa ludayi a jikin dutsen murhu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta bar mu muna saurare. Gari ya cika da zance. Wasu suka ce allon hauren giwa yake yi. Wasu suka ce allo ne mai buga dara da kansa. Wasu suka ce ai sabon allon ba ya tsagewa har abada, suka je suka gaya wa Ya Kolo ta nemi wata sana'a tun da sauran ƙarfinta. Mutane suka raina allunan da ke hannunsu, suka jingine su a rana, wasu ma suka fara hura wuta da su. Ita kuwa Ya Kolo sai ta riƙa bi gida gida da kwando tana cewa, wanda ba ya son nasa ya ba ta.

Daidai nan ladan yake kiran sallar isha'i, daidai nan kuma Kaka Bintu take tsayawa. Ina da yaƙinin auna lokacin take yi. Sai ta tono gyaɗar daga toka, ta ce, "To, kowa ya faɗa mini abin da ke bayan ƙofar nan. Wanda bai faɗa ba, babu gyaɗa." Kowa ya faɗi nasa, ya karɓi rabonsa, a watse. Sai washegari za ta buɗe ƙofar.

Tun a waɗancan shekarun na lura da wani hali na mutane da har yau yake ɓata mini rai. Idan washegari ta yi, aka ji ƙarshen labari, sai kowane yaro ya rantse cewa abin da ya faɗa ke nan jiya. Na ga wannan rashin gaskiya ne ƙarara. Saboda haka na tsaga bayan littafina na makaranta, na riƙa rubuta sunan kowa da abin da ya ce, da kuma ƙarshen da Kaka ta kawo. Yaran unguwa suka tsane ni na ɗan lokaci. Ita kuwa Kaka ta sa mini suna Malamin Takarda.

Wannan rubutu ne ya sa na kama ita kanta. A shekarar farko, da aka buɗe ƙofa, an tarar da allo mai gurabe na tagulla, kyakkyawa ƙwarai, amma tsadarsa ta sa mai gari kaɗai ya iya saya. A shekara ta biyu da ta maimaita tatsuniyar, aka buɗe ƙofa aka tarar ashe turame masassaƙin yake yi, ya bar sana'ar dara gaba ɗaya domin turmi ya fi samun kasuwa. A shekara ta uku kuwa, sai ga allo babu 'ya'ya, wai duk mai son wasa ya zo gidan masassaƙi kullum ya aro, ya mayar kafin dare.

Ban iya haƙuri ba. Na miƙe tsaye a gaban yara, littafina a hannu.

"Kaka, wannan ba daidai ba ne. Bara kin ce turmi ne. Bara waccan kin ce allon tagulla."

Ta dube ni ta gefen ido tana ɓare gyaɗa. "Na ce haka?"

"Kin ce. Ga shi a rubuce."

"To, zauna, Malamin Takarda, kada ka faɗa mini cikin wuta da shari'arka. Karanta mini abin da ka rubuta a kan mai ƙaron."

Na duba. A shekara ta farko na rubuta cewa da aka buɗe ƙofa mutane suka koma gida ba su da abin wasa, sai suka nufi gindin tsamiya, suka tarar Ya Kolo ta gyara allunan da suka zubar, ta jera su. A shekara ta biyu, haka. A ta uku, haka, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

"Ka gani?" in ji ta. "Ni ban shiga ɗakin masassaƙin ba. Kai ka shiga? Abin da na gani da idona ita ce matar da ke zaune a waje. Ci gyaɗarka."

Yara suka yi mini dariya. Na ci gyaɗar, amma ban gamsu ba. A ganina zillewa ta yi. Labari ɗaya ƙarshe ɗaya yake da shi, abin da aka rubuta kuma shi ne hujja. Da wannan aƙida na girma, da ita na yi shekara talatin da biyar a ofishin rajista na wata ma'aikata a nan Maiduguri, kuma ina alfahari da cewa fayil bai taɓa ɓata a hannuna ba, ban kuma taɓa yarda a sauya kwanan wata a kan takarda don wani babba ya nema ba.

Yanzu ga batun 'yata. Falmata ita ce ta uku a cikin 'ya'yana. Ta karanta fannin lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, ta fito da sakamako mai kyau. Maimakon ta nemi aikin ofis, sai ta kama ƙaramin shago a Lamisula tana gyaran na'urorin wasan gem, waɗannan akwatunan da ake haɗawa da talabijin samari su taru suna buga ƙwallo da hannu. Da farko ban so ba. Daga baya na ga masu gidajen gem daga unguwanni masu nisa suna kawo mata na'urori, har daga Konduga, na ji ana kiranta Injiniya, sai na yi shiru.

A 'yan watannin nan sai wani zance ya cika shagon nata da bakin titi. Wai manyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin suna shirin fito da sababbi. Wai sababbin ba su da wurin sa faifai, sai da intanet kullum. Wai za a rufe su ruf, babu mai iya kwancewa sai kamfanin. Wai ɗaya daga cikin kamfanonin ma zai daina ƙera na'ura ɗungurungum, ya koma sayar da wasanni ta waya. Hankalina ya tashi, domin idan haka ne, sana'ar 'yata ta kusa ƙarewa.

Na yi abin da na iya. Duk rubutun da na gani a waya a kan wannan batu, na kai shagon kwamfuta aka buga mini a takarda. Na huda su, na ɗaure a fayil, na sa wa kowace lamba. Ana cikin haka sai tsohon abokin aikina, Malam Kyari, ya sanar da ni cewa an tallata gurbin ma'aikacin lantarki a wata ma'aikata, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Ban nemi alfarma ba, ba kuma zan taɓa nema ba. Na dai karɓi fom kamar kowa. Na gaya wa Falmata a gida cewa ra'ayina ta cike shi, ta saki shagon tun ana samun mai so.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, abin da ka ce shi za a yi." Na san 'yata. Idan na kai mata fom ɗin za ta cike, za ta sa hannu, kuma ba za ta taɓa yi mini gori ba. Wannan ne ya fi komai nauyi a zuciyata, domin hukuncin ya dawo kaina ni kaɗai.

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗauki fayil da fom na hau keke napep zuwa Lamisula. Na tarar da mutum biyu a bakin shagon. Ɗaya Chinedu ne, maƙwabcinta, wanda ya daɗe yana sayar da na'urorin gem na hannu. Ɗayan Modu ne, mai gidan gem a Dala, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya kawo wata tsohuwar na'ura da ta daina kunnuwa.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Chinedu, ya tura mini kujera. "Ka ɗan jira, Injiniya tana ɗakin tiyata. Mara lafiyar Modu ce, ta fi shi tsufa."

"Ta fi ka amana dai," in ji Modu. "Shekara nawa tana ciyar da gidana. Kai wadda ka sayar mini bara, wata biyu ta yi ta fara tari."

"Ba na'ura ba ce, janaretanka ne. Na gaya maka, ka ƙi ji. Ka bari sabuwar ta fito, duk wannan tarkacen sai bola."

"Wace sabuwar? Wadda ka ce babu faifai? Wa zai saya mini data? Kai?"

"Ni na ce babu faifai? Na ce wataƙila."

"Makon jiya ka rantse."

"Makon jiya daban. Yanzu an ce kamfanin ma zai bar sana'ar."

"To, idan ya bar sana'ar, wa zai ƙera sabuwar da za ta kai tawa bola?"

Chinedu ya ce bari ya duba shagonsa.

Na zauna ina kallon Falmata ta ƙofa. Ta kwance na'urar gaba ɗaya a kan tebur, ƙusoshi a jere cikin murfin gwangwani bisa tsarin da ta cire su. Ta goge fankar, ta sa gilashin ƙara girma a ido, tana liƙa wani abu ƙanƙani kamar ƙwayar gero da dalma, hannunta ko rawa ba ya yi. A bayanta akwai kanta har sama, cike da matattun na'urori da masu su suka zubar ko suka ba ta kyauta, kowace da takarda manne a jiki an rubuta abin da ke da rai a cikinta. Daga ɗaya daga cikinsu ta ciro abin da take liƙa wa ta Modu. Kamfanin da ya ƙera wannan na'ura ya daɗe da daina yin irinta, ya daɗe da daina yin kayan gyaranta, ban kuma zaci ya san akwai wani wuri mai suna Lamisula ba.

Don in rage zaman jira na buɗe fayil ɗina, na fara karantawa daga lamba ta ɗaya, a jere, yadda ban taɓa yi ba tun da na fara tara shi. Takarda ta biyu ta ce sabuwar na'ura za ta yi tsadar da sai masu hali. Ta biyar ta ce za ta yi arha domin a jawo mutane. Ta takwas ta ce ba za a yi ta ba sam. Babu ɗaya da wanda ya rubuta ta ya ce ya ga na'urar da idonsa. An ce, ana sa ran, majiya ta shaida. A ofishina na dā, da ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini irin waɗannan takardu ya ce in sa musu lamba, da na mayar masa da su da jan alƙalami. Amma ni, don an buga su a farar takarda, na huda su na ɗaure, na zo in rufe shago da su.

A nan ne na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ɗin ludayin Kaka Bintu, bayan shekara hamsin. Ashe ba zillewa ta yi ba. Ta fi ni sanin aikin ajiye shaida. Abin da ta gani ta riƙe shi daram, ba ta canza ko kalma ba, abin da ba ta gani ba kuwa ta bar shi yana yawo, don mu koyi bambanta su. Ni ne na rubuta duka biyun a shafi ɗaya na ba su daraja ɗaya.

Falmata ta mayar da murfi, ta ɗaure ƙusoshi, ta haɗa waya. Fitilar na'urar ta kawo. Modu ya yi hamdala, ya ce, "Injiniya, Allah ya bar mana ke." Ya naɗe na'urarsa a cikin ɗankwali kamar jariri ya tafi.

Ta wanke hannu ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Idonta ya sauka a kan fom ɗin da ke saman fayil.

Na ce, "Falmata, tambaya ɗaya zan yi miki, ki amsa mini a matsayin mai sana'a, ba a matsayin 'ya ba. Idan sabuwar ta zo a rufe, yadda ba ta kwantuwa, me za ki yi?"

"Baba, ban gan ta ba, ba zan iya yi maka alkawari a kanta ba. Amma wadda ake yayi yanzu, haka aka ce a kanta kafin ta zo. Wata uku na yi da ita a kan teburin nan kafin ta buɗe mini. Kuma ko yau suka fito da sabuwa, sai ta yi shekaru kafin ta iso hannun irin su Modu. Zafin garin nan kuwa ba ya barin na'ura ta zauna lafiya, kowace iri ce."

"Idan kamfanin ya daina fa?"

Ta waiwaya ta dubi kantar bayanta. "Sai waɗanda ke hannun mutane su ƙara daraja."

Na naɗe fom ɗin na sa a aljihu. Na ce ta koma bakin aikinta, yana jiranta. Ta daɗe a durƙushe kafin ta tashi.

Ba zan ɓoye ba, har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna cewa wasu mutane a wata ƙasa mai nisa za su zauna su yanke shawarar rufe na'ura don kada mai ita ya gyara abinsa, ko su sa mutum ya sayi abu amma ya riƙa biya kullum kafin ya yi amfani da shi, ba tare da sun taɓa tambayar yadda wuta da data suke a gari irin namu ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma zan ci gaba da faɗa. Ban kuma ce na san abin da zai faru ba. Mai yiwuwa ne wata rana abin da na ji tsoro ya tabbata, shagon ya mutu, a ce uban ne ya bar ta ta rasa aikin gwamnati. Idan ranar ta zo, zan ɗauki rabona na laifin, ba zan musa ba. Amma ba zan hukunta abin da na gani da idona saboda abin da babu wanda ya gani ba. Na ga hannun 'yata, na ga kantarta, na ga fuskar Modu. Garin nan ya sha wahalar da ta fi ta na'urar wasa, kuma abin da ya riƙe shi, a iya sanina, mutane ne irin Falmata, masu zama su tattara abin da aka zubar su tayar da shi.

Bayan mako ɗaya na haɗu da Malam Kyari a bakin masallaci. Ya riƙe hannuna ya ja ni gefe.

"Malam, an rufe karɓar takardu, an ce ba a ga ta 'yarka ba. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Tana da aiki."

"Ashe? A wace ma'aikata?"

"A Lamisula, layin masu kayan lantarki, shago na huɗu a hannun dama. Idan na'urar jikokinka ta mutu, ka kai mata. Amma ka je da wuri, domin ko ni ubanta sai da na jira aka gama da wanda ya riga ni."